Burada Mai Ɗiban Wuta

A Nuzla aka haife ni, kudancin Jidda, a ɗakin da mahaifina ya haɗa da gwangwanayen kananzir da katakon akwatunan da ake zubarwa a bayan tashar jiragen ruwa. Shi da Inna da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa. Sun yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga kafin su haye teku, da suka sauke farali kuma sai suka zauna. Ruwa saye muke yi a wurin mai jaki, gawayi ma saye, iskar teku mai gishiri kuwa kowace shekara sai ta ci rufin ɗakin an sake faci. Duk da haka ban tuna ranar da gidanmu ya kwana babu baƙo ba.

Inna gyaɗa take soyawa tana sayarwa a ƙofar tasha. In jirgin alhazai ya sauka, duk Bahaushiyar da ta fito tana zare ido ba ta da kowa, 'yan dako sun san inda za su nuna mata. Inna za ta kawo ta gida, ta ba ta ruwa, ta shimfiɗa mata tabarma. Washegari da safe sai ta miƙa mata tsingaro, wato guntun fasasshiyar tukunya, ta ce, "Tashi ki shiga gidan can mai ƙofar buhu, ki ce a sam miki wuta."

Muna da ashana. A cikin gwangwanin shayi take, saman akwatin Inna, na san wurin sarai. Daga baya har dafur muka saya, murhun kananzir ɗin nan da ake yi wa famfo. Amma sabuwar baƙuwa ba ta ganin ko ɗaya. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Inna, matar nan ƙafarta a kumbure take. Ga ashana, me ya sa za ki wahalar da ita?"

Ta ce, "Ke dai bakinki ya riga hankalinki girma. In na ƙyasta mata, ni kaɗai ta sani a Nuzla. In ta fita nema, kafin ta dawo an tambaye ta garinsu, an ga goyonta, wata ma ta ce ai mijinta ɗan can ne. Gobe in na faɗi na mutu tana da inda za ta shiga."

Bayan wuta sai aron turmi, bayan turmi rariya. Abu ɗaya Inna ta hana: kada a kuskura a riƙe wani abu a hannu wai tukuicin wuta. Hannu wofi ake zuwa.

Da na yi aure, maigidana direban babbar mota ne a tasha, yana kwasar shinkafa da siminti zuwa sito. Shi ba haifaffen Jidda ba ne, da wayonsa ya zo. Kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya rasu, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, 'ya'yan mamacin suka yi ta yi masa gobe jibi, ga kuma saƙo yana ta zuwa daga gida cewa tsohuwarsa tana son ganinsa. Sai muka bi jirgin alhazai masu komawa ƙasar Hausa.

A can na gane Hausar da nake taƙama da ita rabinta Larabci ce. In ce a ba ni moya, ina nufin ruwa, a tsaya ana kallona. In ce halas, wato shi ke nan, a bi ni da halas har bakin rijiya. Matan gidan suka sa mini 'yar Makka, kuma ba don girmamawa ba. Na yi kukana na ƙoshi, sannan na tuna Inna. Na fasa wata tsohuwar tukunya a bayan ɗaki, na ɗauki guntu na fita. Kafin shekara ta zagayo, in an haihu a unguwar ni ake fara aika wa.

Aikin da maigidana ya samu na tuƙin motar mishan ɗin Katolika ne da ke bayan gari. Gidan horo ne na waɗanda ake ce wa burada. Su ba fada ba ne, ba sa jan ibada a coci. Samari ne da suka ɗauki alkawarin ba aure, ba tara dukiya, sai aiki: wani kafinta, wani magini, wani malamin makaranta, wani mai wanke gyambo. In sun gama koyo a tura su ƙauyukan Maguzawa su zauna cikin mutane, su haƙa rijiya, su koyar, su yi addininsu. Shugaban gidan wani tsohon Fada ne, Bature, ya daɗe a ƙasar har Hausarsa ta fi tawa tsabta, sai dai ta hanci take fita.

Wata rana na kai wa maigidana abinci, wani burada ya wuce ni kamar ya wuce kututture, sannan ya dawo ya miƙo mini ruwa da hagu. Na wanke shi tas. Ashe Fada yana bayan taga yana ji. Ya fito ya gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, ya ce, "Hajiya, yarana sun iya addu'a, sun iya riƙe guduma, amma ba su iya zama baƙi ba. Ni na daɗe, na manta yadda ake yi. Mijinki ya ce ke kwanan nan kika yi baƙunta. Ki koya musu."

Na ce, "Fada, ka san ni Musulma ce, a ƙofar Makka aka haife ni. Ba zan shiga cocinku ba, ba zan koya wa kowa wa'azi ba, in lokacin salla ya yi ko a tsakiyar magana nake zan tashi."

Ya ce, "Ladabi na roƙa. Wa'azi muna da shi har ya yi mana yawa."

Na shawarci maigidana. Ya ce in dai gaisuwa ce da cin tuwo, koya wa mutum ladabi ba ya karya alwala. Haka na fara.

A gindin mangwaro muke zama, ni a kan tabarmata, su a ƙasa, don na hana kujera. Ba allo ba littafi, ni kaina a lokacin ban iya rubuta sunana ba, sai da na haura arba'in na zauna a ajin manya. Abin da na sha wuya a kansa shi nake ba su. Ka cire takalmi kafin ka isa gaban dattijo, ka durƙusa, kada ka tsaya masa a ka. Kada ka tambayi mace sunan mijinta ko na ɗanta na fari, za ka sa ta kunya a banza. Ka ci gabanka a akushi. In ka je gidan rasuwa ka yi gaisuwa ka zauna ka rufe bakinka, ba a kira ka jawabi ba. Gaisuwa kuwa sai da na sa suka yi ta maimaitawa: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya ruwa, ya jikin tsohuwa.

Wani gajere mai barkwanci ya ce, "Mama, a garinmu kafin a gama wannan gaisuwar an je kasuwa an dawo."

Na ce, "Shi ya sa aka kwaso ka daga can aka kawo ka nan a gyara ka. Yalla, sake daga farko."

Sun sha dariyar yalla ɗin nan, wato maza-maza da Larabci. Har Fada ya ɗauka, in ya ga suna jan ƙafa wajen aiki sai ka ji ta hanci, yalla, yalla. Na ji daɗin zaman nan ƙwarai. Yara ne masu biyayya, ga ci kamar gara, in na kawo musu gyaɗa soyayya irin ta Inna har faɗa suke a kan ɓawon.

A cikinsu akwai wani dogo, kafinta, daga can kudu bakin teku. Ba ya magana sai an tambaye shi, in zai yi kuma a hankali yake ajiye kalmomin kamar mai jera ƙwai. Shi ya fi kowa riƙe abin da na faɗa. Ban taɓa maimaita masa abu ba.

Ƙa'idar gidan ita ce, in an gama horo sai a tura kowa ƙauye daga faɗuwar damina har bayan girbi. Sannan Fada ya je da kansa ya tambayi dattawan wurin: a bar muku shi ko a ɗauke shi? Wanda aka ce a bari, shi zai ɗauki alkawarinsa na ƙarshe ya zauna. Dogon nan an taɓa dawo da shi daga wani ƙauye, ba kuma wanda ya iya faɗin laifinsa. In aka sake dawo da shi, sai dai ya tattara ya koma garinsu. Garin nasu kuwa babu abin da ya rage masa a ciki, yaƙi ya bi ta kansa.

Ana tsakiyar damina maigidana ya kai masa katako ƙauyen da aka tura shi ya dawo, ya zauna yana cin tuwo ba ya ɗaga kai. Can ya ce, "Hajiya, yaron nan naki fa ba za su riƙe shi ba."

"Me ya yi?"

"Sun ce mutumin kirki ne."

"To?"

"Haka dai kowa ke cewa. Mai gari ya ce mutumin kirki ne, ya kau da kai. Sarkin noma ya ce mutumin kirki ne, ya kau da kai. Ban ji wanda ya ƙara ko kalma a kai ba."

Da zai koma na shiga motar. Ƙauyen yana bayan wani rafi, gero ya yi tsawo har ya rufe hanya. Tun daga bakin gari na fara ganin aikinsa: an yi wa rijiya murfi, ƙofofi sababbi a gidaje, benci a gindin tsamiyar da dattawa ke zama. Kafin in je wurinsa na tambayi wace ce babbar mace a garin, aka kai ni gidan uwar mai gari, wadda kowa ke ce wa Iya. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, baƙa wuluk, da lofe a baki, tana zaune gaban manyan tukwanen burkutun da take dafawa. Wutar gidanta ba ta mutuwa, rani da damina.

Na gaishe ta. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce 'yar Makkar da ke koya musu hankali?"

"Ni ce, Iya."

"To aikinki bai yi kyau ba."

Na gyara zama. Ta ce, "Gaisuwa kam ya iya, har ta ishe ni. Ya gyara mini ƙofa, ban roƙe shi ba. Na yanka kaza dominsa, na yi tuwo na aika, ya dawo mini da shi a rufe, wai ya gode ya ƙoshi. Na aika fura, ya ƙoshi. Ɗanyar gyaɗa, ya ƙoshi. Me yake ci a ɗakin nan da ba ya ƙarewa? In ƙyamar hannunmu yake yi ya faɗa, mun saba, ba shi ne farko ba. Ke ma na san ba za ki sha abin tukunyar nan ba."

Na ce, "Ba zan sha ba. Amma in da ruwa ki ba ni, in da gyaɗar nan da ya ƙi ki kawo."

Ta yi tsaki, amma ta kawo. Na ci har na ƙulle saura a bakin mayafi.

Ɗakinsa yana gefen gari, fes kamar asibiti. Ga risho a kusurwa, irin dafur ɗinmu na Jidda, ga galan ɗin kananzir, ga duron ruwa, ga gatari, ga garin rogo da sukari da sabulun da mishan ke ba su, ga ashana a jere. Babu abin da mutumin nan yake bukata a wurin kowa. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda na koya masa, bai tsallake ko ɗaya ba.

Na ce, "Burada, me ya sa ka mayar wa Iya tuwonta?"

Ya ce, "Mama, rumbunsu ya kusa ƙarewa. Na leƙa na gani lokacin da nake gyara murfin. Sabon gero bai nuna ba. Kazar nan ita ke yi mata ƙwai. Ta yaya zan ci? Taimako na zo yi, ban zo in zama musu kaya ba. Na san yunwa, Mama. Na ga mahaifiyata ta ba baƙo abincinta, ta ce ta riga ta ci. Ba ta ci ba."

Yaron bai yi ƙarya ba, rumbun ya kusa ƙarewa. Ita ma Iya ba ta yi ƙarya ba. Na san in na tsaya yi masa bayani zai ce to, Mama, gobe kuma ya sake mayar da tuwon, don abin ba a kansa yake ba, a cikinsa yake. Sai na tashi na ɗauki rishon, na kwashe ashanar duka na zuba a mayafi.

Maigidana yana bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, kayan mishan ne fa."

"Yalla, sa a mota."

Na zaga bayan ɗaki na samo tsingaro, na kakkaɓe na miƙa wa dogon nan. Na ce, "Daga yau in za ka dafa ko ruwan zafi ne, gidan Iya za ka je ka ce a sam maka wuta."

Ya juya guntun a hannunsa. "Mama, ban ga maza suna ɗiban wuta a nan ba. Dariya za su yi mini."

"Su yi. Tun da ka zo ba wanda ya yi maka dariya, ka ga inda hakan ya kai ka."

Da muka koma na ajiye rishon a gaban Fada na gaya masa abin da na yi. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "In ya mutu da yunwa, ke za ki rubuta wa Bishop."

"Ban iya rubutu ba."

"Shi ya sa na ce ke."

Na zaci an gama. Ranar kasuwar ƙauyen maigidana ya je ya dawo yana girgiza kai, ya ce abin ya ƙara lalacewa, in shirya gobe mu koma. Iya ta tare ni tun daga ƙofa, lofen yana rawa a bakinta.

"Sabulu," ta ce. "Ya zo ɗiban wuta, na ji daɗi, na ce ashe yana da baki. Na zuba masa garwashi mai kyau. Sai ya zaro sabulu daga aljihu ya ajiye mini. Washegari sukari. Wuta yake saye a wurina kamar na kafa kanti. Ko kuwa cewa yake ina wari? Na jefe shi da abinsa."

Na same shi yana feƙe katako, bai iya haɗa ido da ni ba. Na ce, "Burada, da ka ɗebi wutar nan, tata ta ragu?"

"Ba ta ragu ba."

"To me kake biya?"

"Hannuna ba ya iya karɓa haka kawai, Mama."

"Ka sa wanda ba ya iyawa a aljihu, ka karɓa da ɗayan."

Na kwashe sabulun ma, da sukarin, na bar masa guntu ɗaya na wanka. Maigidana ya ce a wannan tafiyar saura ƙofar ɗakin kawai ban ɗauko ba. A hanya na fara tunanin ko dabarar Inna ta mata ce kawai, ta Nuzla kawai, na zo na ɗora ta a kan namiji a ƙasar da ni ma baƙuwa ce.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, amma su biyun, shi da Iya, kowa ya ba ni labari daban, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Wata safiya aka tashi da ruwa. Ya je hannu wofi, Iya ta zuba masa garwashi. Kafin ya kai rabin hanya ruwa ya kashe. Ya koma, ta sake zubawa, ya rufe da ganye, ya sake mutuwa. Ya sake komawa, ya jiƙe sharkaf, haƙoransa suna haɗuwa. Matan gidan suna leƙowa daga ɗakuna suna ƙyaƙyatawa.

Iya ta ce, "Kai, zauna nan kafin ka ƙarar mini da murhu."

Ya zauna a bakin wuta. Kunun tsamiya ne a tukunya. Ba ta tambaye shi ko zai sha ba, ta zuba a ƙwarya ta danna masa a hannu, ta juya baya tana hura wuta. Ya ce mini ya riƙe ƙwaryar ne don ɗumi kawai, bai san lokacin da ya kai ta baki ba. Ita kuwa ta ce ya shanye har da siɗe ludayi, ta ƙara masa, ya sake shanyewa, ta ɗora masa ɗumamen tuwo. Da ruwan ya ƙi tsayawa ta tambaye shi ko uwarsa tana da rai. Ya gaya mata. Ta ce shi ke nan, ta ja lofenta, ba ta ƙara tambaya ba.

Daga ranar ta fara ce masa mijina, irin wasan da kaka ke yi da jika. In ya shigo da tsingaronsa sai ta ɗaga murya don maƙwabta su ji: "Ga mijin nan nawa ya zo, ba ya kawo cefane sai cin tuwo." Matan su ce, "Iya, ai an ce irinsu ba sa aure." Ta ce, "Da bai gan ni ba ne." Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya zauna ya ci. Da sabon gero ya nuna ma, tumu har ɗaki ake kai masa.

Amma ba Iya Fada zai tambaya ba, maza zai tambaya, kuma maza ba a san cikinsu ba. Akwai masu cewa namijin da ke yawo da tsingaro cikin mata bai cika namiji ba. Da aka gama girbi muka tafi da safe, ni da Fada da maigidana. Dattawa suna gindin tsamiya a kan bencin da ya yi musu. Na zauna can gefe a kan tabarmata. Dogon yana ɗakinsa, don ba a tambaya a gaban mutum.

Aka yi gaisuwa, aka yi maganar amfanin gona, aka yi maganar rafin da ya cinye hanya. Sannan Fada ya ce, "To, mai gari, yaron nan da muka ba ku aro. A bar muku shi ko a ɗauke shi?"

Mai gari ya dubi ƙasa, ya ja tsinke a cikin ƙura. Ya ce, "Mutumin kirki ne."

Na jira ya ƙara, bai ƙara ba. Sarkin noma ya gyara hula ya kalli wani wajen.

Sai ga Iya ta fito daga lungu, tana dogara sanda, da tsingaro a ɗaya hannun. Ta ratsa ta gaban dattawa ba ta ko kalle su ba, ta miƙe har ƙofar dogon, ta tsaya ta ƙwala masa kira: "Mijina, sam mini wuta, tawa ta mutu."

Muna jin motsinsa a ciki. Ta kutsa kai, muna jiyo ta tana faɗa, wai itacensa ɗanye ne, wai tukunyarsa tun jiya ba a wanke ba, wane irin miji ne wannan. Can ta fito tana hura garwashi, shi yana biye da ita a sunkuye yana kare mata iska da tafin hannu. Suka wuce ta gabanmu a haka, dogo da guntuwa, har ya kai ta lungu.

Na ɗaga kai na dubi gidanta. Hayaƙi ne ke tashi ta saman danga, mai kauri, na tukwanen burkutu. Mai gari ma ya duba. Sarkin noma ya duba. Wani tsoho a ƙarshen benci ya fara dariya har da tari, sauran suka kama.

Mai gari ya jefar da tsinken ya ce, "Fada, ka dai gani da idonka. In ka ɗauke shi, ina tsohuwa za ta ɗebi wuta? Ni ba zan iya da bakinta ba. A bar mana shi."

Fada ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Hajiya, ai ga hayaƙi can a gidanta."

Na ce, "Fada, ka yi shiru."

Ranar da ya ɗauki alkawarinsa ban shiga cocin ba, yadda na faɗa tun farko. A gindin mangwaro na zauna, Iya tana gefena, an ɗauko ta a mota tana ta ƙorafin kujerar. Da suka fito ya zo ya durƙusa a gabanmu da farar rigarsa. Fada ya sa aka kawo rishon da ashanar ya ce a mayar masa kayansa. Ya karɓi ashanar, ya ce saboda fitila. Rishon kuwa ya ce a bar wa Mama, shi ya saba da murhu. Na ce ba na so, ya ce, "Mama, ki sa hannun da ba ya iyawa a aljihu." Na karɓa. Iya ta ce, "Ka ga, har rashin kunya ya koya."

Bayan rasuwar surukata maigidana ya sami sabon kafili muka dawo Jidda. Nuzla ta canja, ɗakunan gwangwani sun fara zama na bulo, gidaje da yawa da gas suke girki. Inna ta tsufa, ta daina zuwa tasha, amma bakinta yana nan. Na sauke kaya, ta ga rishon ta tambaya, na ba ta labarin tun daga farko.

Ta ce, "Kirista?"

Na ce, "Kirista."

"Namiji, da tsingaro?"

"Dogo kuwa."

Ta yi dariya har sai da na ba ta moya. Da ta huta ta kalle ni ta ce, "Ke ma ai kin daɗe ba kya nan, rabin unguwar ba su san ki ba. Gidan can mai koren ƙofa Hausawan Sudan ne, sababbin zuwa. Tashi ki ce su sam mana wuta."

Ashanar tana nan a gwangwanin shayi, saman akwati, ina ganinta. Na ɗauki mayafina na fita.